Goggo, Mai Yi wa Tsumma Ado

Ban sami jana'izar Goggo ba. Saƙon ya iske ni a Tajaye, inda nake koyarwa, ranar Talata da hantsi, alhali tun Litinin da la'asar aka kai ta makwancinta. Na bar aji a hannun dirakta, shugaban makarantarmu, na yi ta sauya motocin kasuwa, ban isa ƙauyenmu da ke bayan Dogarawa ba sai da rana ta karkata.

A ƙofar gida maza suna zaune a kan tabarmi. An yi ruwan shuka kwana goma da suka wuce, don haka kowa rabin hankalinsa yana gona. Suka miƙo hannu, ya haƙuri, ya haƙuri, Allah shi jiƙan ta. Wani tsoho ya ce mace ce mai zumunci. Wani ya ce ba ta san munafunci ba. Na san su duka, na kuma san cewa da wuya a sami wanda bai taɓa shan kaifin bakinta ba a cikinsu, amma ranar ba wanda ya tuna da wannan.

Cikin gida ne na ga abin da ban taɓa gani a gidan makoki ba. Mata sun cika tsakar gida, kusan kowacce da tsohon zane a jikinta. Ba tsufa na wasa ba: zannuwa ne da suka koɗe har ba a gane launinsu na asali, wasu da faci, wasu da huji. Amma a kan kowane akwai aikin allura siriri, farin zare da ja, nan da can ƴan duwatsun ado ƙanana kamar ƙwayar gero. Ba wanda ya ce musu su zo haka. Wata dattijuwa da ta taso daga Bazaga a amalanken jaki ta kama gefen zanenta ta nuna mini, hawaye na zuba ba sauti.

"Dibi nan, Malam," ta ce. "Nan wuta tac ci. Ita tam maishe ni mutum da wanga zane."

Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage yanzu a cikin su uku, ya ja ni gefe. Ya ce kafin a yi mata salla liman ya tambaya ko akwai mai riƙe da ita a zuciya, ba a samu ko ɗaya ba, kowa ya ce ya yafe. Na buɗe baki in ce ni ma na yafe, sai na fasa. Wace yafiya gare ni da zan bayar? Ni ne mai laifi a wurinta. Shekara bakwai ina ɗauke da laifin, kullum ina cewa in na zo hutu zan durƙusa in roƙe ta, ga shi an rufe ta ban roƙa ba. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Ina so a san ko wace ce ita, ina kuma so in faɗi abin da na yi mata.

Goggo yayar mahaifina ce, ita ta goye shi. Ta yi aure a Ƙonni, ta haifi uku ba wanda ya rayu, mijin ma ya rasu, sai ta dawo gida ta zauna a ɗakin da ke kusa da rumbu. Ni takan kira ni "ɗana" in tana jin daɗina, in kuma tsokana take ji ta ce "Mushe mai alli", yadda yara ke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko. Sana'arta ɗinkin ado, amma irin nata daban ne. Goggo ba ta taɓa sabon yadi. Kawo mata shadda mai walƙiya, ta ture da bayan hannu ta ce, "Wagga ba ta san kowa ba tukuna." Sai tufa ta sha jiki, ta sha rana da wanki, ta koɗe ta fara yagewa, sannan take ɗora ta a cinya.

Kuma ba ta fara ɗinki ranar da aka kawo. Za ta shimfiɗa zanen a tabarma, ta shafa, ta shinshina, sannan ta hau tambaya sai ka ce jandarma. Wa ya ɗaura shi? Wannan wurin da ya yi fari, goyo ne ko tulu? Wannan yagewar, ƙaya ce ko faɗa aka yi? In mai zane ta yi ƙarya Goggo ta sani, don takan ɗago kai da allura a baki ta zuba mata ido har sai ta gyara magana. Bayan ta gama jin labarin sai ta jawo ƙoƙonta na zare ta bi sawu. Inda goyo ya cinye launi, ta kewaye wurin da ƴan furanni ta bar farin a tsakiya. Huji ba ta toshe shi. Takan ɗaure bakinsa da ɗinki mai laushi don kada ya ƙaru, ta sa ƙyalle mai wani launi ta ciki, ta zagaye da duwatsu uku ko biyar. Gefen da ya zaizaye kuwa takan bar zaren yana lilo, ta ƙulla kowane ɗaya. Daga nesa tsumma kake gani, sai ka matso ka tarar da aikin da ya ci wata uku.

Kayan aikin nata ma tsince-tsince ne. In an watse daga kasuwa takan bi rumfunan masu sarƙa tana duba ƙasa, ta tsinci duwatsun da suka zube. Da darajar kuɗin sefa ta faɗi zaren siliki ya gagari talaka, ba ta yi ƙorafi ba, ta koma warware tsofaffin huluna tana naɗe zaren a tsinke. Ba ta riƙe allura ranar Juma'a, kuma ba ta ɗinki in ranta a ɓace yake, ta ce hannu yana tsegumi.

Mutane sun daɗe suna yi mata kallon mai taɓin hankali. Wani tela mai keke a kasuwar Dogarawa ya taɓa ce mata a gaban jama'a tana ɓata zare mai tsada a kan abin da ya kamata a goge fitila da shi. Goggo ta dube shi daga hula har takalmi ta ce, "Kai riga kaka ɗunkawa ka jira a samu mai shiga. Ni mai rigar nika iskewa a ciki. Koma ga kekenka." Shekara biyu ba su gaisa ba. Da uwarsa ta rasu, shi da kansa ya kawo mata mayafin tsohuwar a naɗe, ya kasa ɗaga ido. Ta karɓa, ba ta tuna masa komai ba, sai dai ta sa shi ya zauna ya ba ta labarin mayafin kamar kowa.

Shekarar da fari ya cinye gonaki, a tsakiyar shekarun tamanin, ita ta fito da darajar hannunta. Ba mai kuɗin gero balle na atamfa. Salla ta matso, mata suka rasa abin fita, sai suka fara sulalowa ɗakin Goggo ɗaya bayan ɗaya, kowacce da tsummanta a hammata. A lokacin ne dattijuwar nan ta Bazaga ta zo. Bukkarta ta ƙone, zane ɗaya ya tsira, shi ma wuta ta lashe gefensa, ta yi wata biyu ba ta shiga mutane ba. Goggo ta riƙe ta a ɗakinta, suna raba ɗan kunun da ake samu, ta bi bakin ƙunar da jan zare, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har ƙunar ta zama ita ce adon. Ranar idi matar ta fita da kanta a ɗage.

Da labari ya kai gari, matan ma'aikata da na sojoji suka fara zuwa. Wata matar ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, ta kawo sabuwar atamfa, Goggo ta ƙi. Bayan mako biyu sai ga ta da atamfar ta tsufa: ta jiƙa ta a ruwan toka, ta goga a dutse, ta bar ta a rana, har ta huda da ƙusa. Goggo ta shimfiɗa, ta shafa, ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ɗiyata, gwiwarki a tsakar baya take? Wa ka tsuhwa haka, ko'ina daidai?"

Ta dama mata fura ta sallame ta da atamfarta.

A wannan shekara ta yunwa mahaifina ya rasu. Ya dawo daga cin rani da tari a ƙirji, bai ga damina ba. Da aka zo rabon tufafinsa ana fitar da na sadaka, Goggo ta sa hannu ta ɗauki mafi lalacewa, wata shuɗiyar rigar saƙi da ya fi shekara goma sha biyar yana noma da tafiya a cikinta. Kowa ya ce kawaici ne, ta bar wa maza masu kyau. Ni a lokacin ina makarantar horon malamai, ban ma kula ba.

Bayan shekara huɗu aka sa ranar aurena. Wadda zan aura ɗiyar wani jandarma ce mai ritaya a Ƙonni, gida ne na guga da turare, ni kuwa, in faɗi gaskiya, ina jin nauyin ƙauyancinmu a gabansu. Saura mako uku Goggo ta aika in zo. Ta sauke asabari a ƙofar ɗaki, ta buɗe adudu, ta fito da rigar.

Wata goma ta yi a kanta. Kafaɗar dama, inda ƙotar hauya ta cinye shuɗin har ya koma fari, ta zagaye ta da zaren tsamiya, ɗinki ƙanana har sai ka ƙanƙance ido. A baya, inda gumi ya bar sawu, ta bi kowane layi da farin zare. Akwai ƴar ƙuna a ƙirji, tartsatsin wutar da suke jin ɗumi a wurin cin rani. Akwai jan goro a bakin aljihu, akwai gefen da ƙarangiya ta tsattsage. Ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Ta riƙa nuna mini da yatsa tana faɗin labarin kowane wuri, wasu ban taɓa jin su ba.

"Ubanka bai ga ka zama mutum ba," ta ce. "Ka sa wagga ran ɗaurin aure, shi ma shi je."

Na yi godiya. Na ma yi hawaye, kuma ba na ƙarya ba ne. Amma a mota, rigar tana kan cinyata, sai na fara ganin idon surukina da na abokansa masu manyan riguna, ina jin abin da za a faɗa: ango ya zo da tsumma. Ban yi niyyar yar da ita ba. Dabara na yi, irin wadda kowa ke yi wa tsohuwar riga a ƙasar nan, na kai ta marina. Na ce wa kaina ai rigar mahaifina ce dai, zan sa ta kamar yadda Goggo ta ce, ɗan gyara kawai za a yi mata.

Marinin dattijo ne, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Ya ɗaga rigar ya daɗe yana dubawa.

"Malam, ka san mi kak kawo? Wanga aiki in ya shiga rami ba ya hitowa."

Na ce na sani, a tsoma ta sau uku, a kai wa mabuga su buge ta da shuni har ta yi ƙyalli. Ya sake tambayata ko na tabbata. Na ɗaga masa murya, ni mai ilimi.

Ta fito baƙa wuluk tana walƙiya. Farin kafaɗa ya tafi, sawun gumi ya tafi, goro da ƙuna duk sun koma launi ɗaya. Zaren Goggo ya sha rini, itacen bugu ya daddanne shi ya lafe, sai ka shafa kafin ka san akwai shi. Ranar ɗaurin aure kowa ya yaba. Surukina har ya tambaye ni inda na saya.

Bayan la'asar na shiga wurin mata gaisuwa. Goggo tana zaune a bakin tabarma, ta sha hanya tun safe. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ina rigar?" Na ce ga ta a jikina. Ta miƙe a hankali, ta ɗora tafinta a kafaɗata ta dama, ta shafa, ta sake shafawa, tana neman wani abu. Sannan ta juya hannun ta dubi shunin da ya ɓata mata yatsu. Ba ta yi faɗa ba, ita da take wanke mutum tas a kan abin da bai kai wannan ba.

"Ashe sau biyu za ni bizne shi," ta ce.

Ta koma ta zauna. Ba ta ci abincin biki ba.

Bayan mako guda ta aiko a karɓar mata rigar, na naɗe na bayar. Daga ranar ban ƙara jin "ɗana" ko "Mushe" a bakinta ba. Malam na koma. In na gaishe ta sai ta amsa da kyau, ta tambayi iyali, ta sa a kawo mini ruwa a kwanon baƙi. Na gwammace ta zage ni. Sai na fara rage zuwa, daga salla sai salla, in kwana ɗaya in gudu. Hutun damina, wata uku cur, a Ƙonni nake yin sa, ina ce wa kaina ruwa ya ɓata hanya. Ƙarya ce, motocin Dogarawa ba su taɓa fasa tafiya ba. Tsoron idonta nake yi, ga kuma girman kai, don ina ganin malamin da ke tsawata wa aji guda ba zai durƙusa a kan tsohuwar riga ba.

Ranar sadakar bakwai, bayan an yi addu'a an watse, Baffa ya ce in raka shi gonar tudu, ciyawa ta fara cin gero. Gonar da mahaifina ya noma ce, da ƴar tafiya daga gari, rabona da ita tun ina saurayi. Da muka isa ya shiga bukkar da ke gindin gawo, ya tuɓe rigarsa, ya fito sanye da wata. Shuɗiya ce da ta koɗe, duk ƙasa, gefenta ya tsattsage. Sai da ya juya baya na ga layukan zare a lafe na gane ta. Na zauna a ƙasa.

"Tun damanar da kay yi aure tab ba ni ita," in ji Baffa. "Tac ce in yi noma ciki har rinin shi hita. Shekarar hwarko na sha dariya. Ina noma ina walƙiya awa ango, in na yi zuhwa in koma shuɗi har wuya. Matata tac ce na haukace."

Ya ce duk kaka, in an gama girbi, sai ya kai mata ta shimfiɗa ta duba, ta ce tukuna, ya mayar bukka. So take launin ya sauka da kansa, wuraren nan su sake fitowa inda suke, ta sake bin su da zare.

"Shekara biyat muna haka. A ta biyat ɗin idonta ya riga ya tahi, da hannu tad duba. Tas shahwa dama, tas shahwa hagu, taj ji inda zare yac cinye. Tac ce, 'Kai bahago na, na manta. Wagga kahwaɗarka ta, ba tashi ba.'" Baffa ya share fuska da hannun rigar. "Ran nan na ga kukanta. Ko ran da munka rasa ubanka ban ga haka ba."

Sai na yi masa tambayar da nake ta juyawa tun ranar da na sauka. Na ce, "Baffa, ta yafe mini?"

Ya jingine hauyarsa a jikin gawo.

"Ban ji tac ce ta yahe ba, ba ni yi maka ƙarya bisa mamaci. Abin da tac ce, kai ɗai ka tahiya irin tashi, kai ɗai ka aza kaya a dama awa shi. Tac ce ran da duk kaz zo gona da damana, in tuɓe in ba ka. Nac ce in aika a kira ka? Tac ce a'a, sai ka zo da ƙahwarka. Damana biyu, kullum nad dawo gona sai ta tambaye ni ko ka zo. Bana ma, da anka yi ruwan shibka, ta tambaya."

Sannan ya tuɓe rigar ya miƙo mini da ɗumin jikinsa a ciki, ya miƙo hauya. Na cire takalma da agogo. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, Baffa bai ce in huta ba, ni ma ban nema ba.

Allah ya jiƙan Goggo, ya faɗaɗa mata makwanci ya sanyaya shi, ya haɗa ta da ƙanen da ta goya. Waɗanda ke da aikinta a adudu, don Allah kada ku yanka shi ku yi tsumman sauke tukunya, ku gaya wa ƴaƴanku hannun da ya bi ta wurin. Ni kuwa ban san matsayina a wurinta ba, ba kuma zan sani ba sai ranar da za a tara mu. Damina ta uku ke nan ina sauka ƙauye ranar da aka rufe lakwal, in yi noma cikin rigar har a koma aji. Bana kafaɗar dama ta fara yin fari. Na tuɓe ta a bakin gona na daɗe ina dubawa, na rasa wanda zan kai wa.